Yadda Ake Haɗa Faifan Ajiya Biyu na Waje da Za Su Yi Aiki a Windows, Mac da Linux

Faifan ajiya, na cikin laftof ne ko na waje, yana da ranar mutuwarsa. Wani yakan yi shekaru yana aiki lafiya, wani kuma faɗuwa ɗaya daga kan tebur ta ishe shi. Shi ya sa kwafi ɗaya na aikinka ba ya isa. Abin yakan ƙara wuya ga wanda yake da Windows a ofis, MacBook a gida, ko yake taɓa Linux lokaci-lokaci, domin kowace babbar manhaja da irin tsarin da take rubuta bayanai a kan faifai. Faifan da Mac ta tsara da nata tsarin, Windows ba za ta buɗe shi ba, sai ma ta ce a yi masa fomat.

Hanyar da nake bi, kuma nake ɗora mutane a kai, ita ce faifai biyu daban-daban, kowanne da tsarin exFAT wanda duka ukun ke karantawa, sai wata manhaja kyauta da ke daidaita su, sannan a riƙa ajiye su a wurare biyu. Ga yadda ake yi daga farko.

Kayan da za ka tanada

- Faifan ajiya na waje guda biyu, wato abin da 'yan kasuwa ke kira estanal. Kowanne ya kai aƙalla ninki biyu na yawan bayananka. Mai bayanan 400 GB ya sayi na 1 TB.
- Kebul mai kyau na kowane faifai, da mahaɗin USB-C idan laftof ɗinka ba ta da tsohuwar kafar USB.
- Manhajar FreeFileSync. Kyauta ce, kuma akwai ta Windows, ta Mac da ta Linux.
- Manhajar gwajin faifai: H2testw a Windows, ko F3 a Linux da Mac.
- Maka da takarda mai manne, don rubuta suna a jikin kowane faifai.
- Jaka ko ƙaramin akwati mai laushi a ciki.
- Batirin laftof a cike, ko wutar da ka amince ba za ta ɗauke a tsakiyar aiki ba.

Game da irin faifan da za ka saya, akwai mai juyawa, HDD, akwai kuma SSD da ba shi da komai mai motsi a ciki. HDD ya fi araha idan ana maganar girma, amma ba ya jure faɗuwa, musamman yana cikin aiki. SSD ya fi sauri, ya fi jure tafiya a jaka, sai dai tsada, kuma ba a son a bar shi shekaru a aljihun tebur ba a jona shi ba. Idan aljihu ya yarda, na yawo ya zama SSD, na zaman gida ya zama HDD. In kuwa duka biyun HDD za ka saya, ka bambanta kamfani ko samfuri. Faifai biyu da suka fito tare daga masana'anta ɗaya suna iya ɗauke da aibi iri ɗaya.

Ka zaɓi ƙaramin faifai mai inci 2.5 wanda ke shan wuta daga kafar USB. Babban mai inci 3.5 yana buƙatar nasa caja a soket, kuma a wurin da ake yawan ɗauke wuta wannan haɗari ne: laftof za ta ci gaba da batiri, shi kuwa faifan zai mutu a tsakiyar rubutu. Idan shi kake da shi, to sai da UPS ko inbata.

Mataki na 1: Ka bar RAID a gefe

Duk wanda ya fara bincike a kan wannan batu zai ci karo da RAID 1, tsarin da ke rubuta komai a kan faifai biyu lokaci guda. Windows tana yin irin wannan ta Storage Spaces, Mac tana yi ta RAID Assistant da ke cikin Disk Utility, Linux kuma ta mdadm. Matsalar ita ce waɗannan ukun ba a yi su don su fahimci juna ba. Wanda ka haɗa a Windows, idan ka kai shi Mac ba za ka ga komai ba. Sannan faifan USB yakan tsinke idan kebul ya motsa, shi kuma RAID sai ya ɗauka faifan ya lalace ya shiga sake gini na sa'o'i.

Akwai akwati mai ɗaukar faifai biyu wanda ke yin RAID da kansa, kwamfuta ta gan shi a matsayin faifai ɗaya. Wannan yana aiki a kowace babbar manhaja. Amma ka tuna RAID 1 kamar kabon ne a ƙarƙashin rasit, kuskuren da ka yi a takardar sama shi ne zai fito a ta ƙasa nan take. Ka goge folda bisa kuskure, ta tafi a duka biyun. Bairos ya kulle fayiloli, ya kulle a duka biyun. Ɓarawo ya ɗauki akwatin, shi ke nan. Ga mai laftof, faifai biyu da ba sa zama a jone tare sun fi tsaro nesa ba kusa ba.

Mataki na 2: Gwada faifan kafin ka amince da su

Akwai faifan jabu a kasuwa da kuma shagunan intanet, musamman SSD da filashi masu arha fiye da kima. An yi musu dabara su riƙa nuna 2 TB alhali abin da ke ciki bai kai ko kusa ba. Suna karɓar fayil kamar gaske, sunan yana nan, amma ranar da ka buɗe sai ka tarar ba komai.

A Windows, buɗe H2testw, zaɓi faifan, ka bar ta ta cika shi da bayanan gwaji sannan ta karanta su. A Linux ko Mac umarni biyu ne, f3write sannan f3read, kowanne ka ba shi adireshin faifan. Gwajin faifan 1 TB yakan ci sa'o'i da dama, don haka ka sa shi da dare. Idan rahoto ya nuna an rasa ko da kaɗan ne, mayar da faifan. Ka yi wannan magana da mai shago tun kafin ka biya.

Idan na hannu ka saya, duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo a Windows ko smartctl a Linux. Abu uku za ka kalla: Power On Hours, wato sa'o'in da ya yi yana aiki, sai Reallocated Sectors Count da Current Pending Sector Count. Waɗannan biyun na ƙarshe ana so su zama sifili. In ba haka ba, faifan ya fara ruɓewa.

Kada ka tsorata idan faifan 1 TB ya nuna 931 GB a Windows. Bambancin lissafi ne kawai, kamfanoni suna ƙirga da dubu-dubu, Windows tana ƙirga da 1024.

Mataki na 3: Zaɓi tsarin da kowa zai iya karantawa

Nan ne zuciyar aikin, don haka bari mu ɗan tsaya.

NTFS tsarin Windows ne, kuma da shi yawancin faifan waje ke zuwa. Linux tana karanta shi tana rubutu a kai. Mac tana karantawa kawai, ba ta rubutu sai an ƙara mata manhaja ta musamman. APFS na Apple ne, ya shigo Mac a 2017, Windows ba ta san shi ba. Shi ma ext4 na Linux haka yake, Windows da Mac ba sa buɗe shi da kansu. FAT32 kowa yana karanta shi, amma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai 4 GB, ka ga bidiyon biki guda ɗaya ya ishe shi.

Saura exFAT. Microsoft ce ta fito da shi a 2006, Mac ta fara aiki da shi a 2010, sannan a 2019 Microsoft ta fitar da bayanan tsarin a fili aka sa shi cikin Linux. Yau duka ukun suna karantawa suna rubutu ba tare da an ƙara komai ba, kuma babu wancan shinge na 4 GB.

Amma yana da rauni da ya kamata ka sani. NTFS da ext4 suna riƙe wani ɗan rajista na abin da suke shirin rubutawa, ta yadda idan wuta ta yanke za su iya gyara kansu. exFAT ba shi da wannan. Idan ka fizge kebul ana cikin rubutu, yana iya rikicewa. Wannan shi ne farashin da ake biya don a samu faifan da zai shiga ko'ina, kuma shi ne ƙarin dalilin da ya sa dole su zama biyu.

Idan ba ka taɓa Mac kwata-kwata, Windows da Linux kawai kake yi, to ka zauna a NTFS, ya fi ƙwari. Haka wanda duk kwamfutocinsa Mac ne ya yi APFS abinsa.

Mataki na 4: Yi fomat, faifai ɗaya bayan ɗaya

Fomat yana share komai. Kafin ka fara, cire duk wani faifai ko filashi da ke jone, ka bar wanda za ka yi wa aiki shi kaɗai. Ka ba su suna AJIYA_A da AJIYA_B. Sunan faifan exFAT ba ya wuce haruffa 11. Rubuta A da B da maka a jikinsu tun yanzu, kafin su rikice maka.

A Windows: danna maɓallin Windows tare da X, zaɓi Disk Management. Idan faifan sabo ne fil za ta tambayi MBR ko GPT, zaɓi GPT, domin MBR ba ya wuce 2 TB. Danna dama a kan filin faifan, zaɓi New Simple Volume, ko Format idan da ma yana da tsari. A wurin File system zaɓi exFAT, ka bar Allocation unit size a kan Default. Idan exFAT bai fito a jerin ba, buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa ka rubuta wannan, bayan ka tabbatar da harafin faifanka:

format E: /FS:exFAT /V:AJIYA_A /Q

A Mac: buɗe Disk Utility, shiga View ka zaɓi Show All Devices. Mutane da yawa suna tsallake wannan, shi ya sa ba sa ganin wurin zaɓen Scheme. Danna ainihin faifan, wanda ke ɗauke da sunan kamfani, sannan Erase. Format ya zama ExFAT, Scheme ya zama GUID Partition Map.

A Linux: mafi sauƙi shi ne manhajar Disks ta GNOME. Mai son rubuta umarni ya sa exfatprogs, ya duba sunan faifan da lsblk, sannan:

sudo mkfs.exfat -L AJIYA_A /dev/sdb1

Ka duba sdb1 ɗin nan sau biyu, don a kwamfutarka yana iya zama wani suna, kuma harafi ɗaya ne tsakaninka da goge faifan laftof ɗin kanta. Idan kai ka yanka ɓangaren da hannu, ka sa nau'insa ya zama Microsoft basic data, in ba haka ba Windows tana iya ƙin nuna shi.

Ni dai idan akwai Windows a kusa, a nan nake yin fomat ɗin, tunda tsarin nata ne.

Mataki na 5: Zagaya da faifan

Kafin ka zuba komai mai muhimmanci, kai kowane faifai ga duk kwamfutar da za ka riƙa aiki da ita. A kowacce, ƙirƙiri ɗan fayil, buɗe wanda ɗayar ta rubuta, ka goge ɗaya.

Gargaɗi biyu a nan. Mac takan tambaya ko kana so ta yi amfani da faifan don Time Machine, wato manhajarta ta ajiye kwafin bayanai. Ka ce a'a, domin za ta nemi share shi ta mayar da shi tsarin Apple. Sannan duk ranar da wata kwamfuta ta ce maka ba ta gane faifan ba, a yi Format ko Initialize, kada ka yarda. Cire shi ka gwada a wata kwamfutar.

Idan faifan HDD yana ƙaƙaf-ƙaƙaf ko yana ɓacewa yana dawowa, sau da yawa ƙarancin wuta ne. Tsohuwar kafar USB 2.0 tana ba da 500 mA, ta USB 3.0 tana ba da 900 mA. Jona shi kai tsaye a jikin laftof, ko ka nemi mahaɗi mai nasa caja. Kada ka jera faifai biyu a kan ƙaramin mahaɗi marar wuta.

Mataki na 6: Tsara folda da sunayen fayil

A kan AJIYA_A buɗe folda ga kowace kwamfuta, misali Laftof_Ofis da Mac_Gida, sai wata mai suna Taska don tsofaffin ayyukan da ka cire daga laftof, sai kuma Tsoffi, wadda za mu yi amfani da ita a mataki na gaba. Kada ka zuba kayan kwamfuta biyu a folda ɗaya, domin manhajar daidaitawa za ta riƙa goge na wannan don ta yi daidai da waccan.

Sunayen fayil suna kawo cikas fiye da yadda ake zato. exFAT ba ya karɓar waɗannan alamomi a suna: " * / : < > ? \ da |. Linux tana yarda da yawancinsu, don haka fayil mai alamar tambaya a sunansa zai ƙi kwafuwa. Haka kuma a Linux, Rahoto.txt da rahoto.txt fayil biyu ne, amma a exFAT ɗaya ne. Windows ba ta yarda da sunaye irin su CON, AUX da NUL, kuma tana wahala da adireshin fayil da ya wuce haruffa 260, saboda haka kada ka yi folda cikin folda har hawa goma. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, suna tafiya lafiya. Masu sa wa fayil suna da Faransanci su lura da haruffa irin su é, domin Mac takan adana su ta wata siga daban, har manhaja ta ɗauka fayil biyu ne.

Wasu abubuwan ba sa zama daidai a exFAT. Ɗakin hotunan Photos na Mac yana cikinsu: ka fitar da hotunan a matsayin fayiloli ka kwafe su. Masu rubuta manhaja a Linux kuma su sani exFAT ba ya riƙe izinin fayil ko mahaɗan symlink, sai su dunƙule foldar da tar kafin su kwafa.

Mataki na 7: Kwafin farko da FreeFileSync

Sauke manhajar daga shafinta na asali ka sa a kowace kwamfuta. Fuskarta gida biyu ce. Hagu shi ne inda ake ɗaukowa, dama inda ake kaiwa. Ka sa wa ranka doka: laftof kullum a hagu, faifai kullum a dama. Babu kuskuren da ya fi juya waɗannan biyun ɓarna, domin idan faifan da ba komai ya zama a hagu, manhajar za ta mayar da laftof ɗinka ba komai ita ma.

A hagu zaɓi foldar takardunka, a dama zaɓi Laftof_Ofis da ke kan AJIYA_A. Alamar ƙari tana ba ka damar jera wasu, kamar hotuna da Desktop. Kada ka zaɓi faifan C gaba ɗaya, fayilolinka kake son tsarewa.

Shiga saitin daidaitawa. Za ka ga Two way, Mirror da Update. Zaɓi Mirror, wanda ke mayar da dama ta zama daidai da hagu. Sannan a wurin Delete and overwrite zaɓi Versioning, ka nuna masa foldar Tsoffi, ka zaɓi Time stamp. Wannan saiti shi ne abin da RAID ba zai ba ka ba: duk fayil ɗin da ka goge ko ka canja a laftof, tsohon kwafinsa zai koma Tsoffi da kwanan wata a jikinsa. Takardar da ka ɓata yau kana iya dawo da ta makon jiya.

A wurin tacewa, cire tarkacen da kwamfutoci ke zubarwa. Mac tana barin .DS_Store, .Spotlight-V100, .Trashes da fayiloli masu farawa da ɗigo da layin ƙasa. Windows tana barin System Volume Information da $RECYCLE.BIN. Ba bairos ba ne, kuma ba sa buƙatar kwafi.

Yanzu danna Compare. Manhajar za ta jera abin da take shirin yi ba tare da ta taɓa komai ba. Karanta, musamman adadin abin da za a goge. Idan ka gamsu, danna Synchronize. HDD a kafar USB 3.0 yakan yi wajen 100 MB a daƙiƙa, wato 500 GB zai ci kusan awa ɗaya da rabi idan manyan fayiloli ne. Ƙananan fayiloli masu yawa sun fi cin lokaci, kafar USB 2.0 kuwa sai ka ninka sau uku ko fiye. Hana laftof yin barci, ka ajiye faifan a kan tebur inda ba za a ja kebul ɗin ba. Bayan an gama, adana saitin da suna don gobe dannawa biyu kawai za ka yi.

Idan an hana ka sa manhaja a kwamfutar ofis, Windows tana da robocopy a cikinta:

robocopy C:\Users\Suna\Documents E:\Laftof_Ofis /E /FFT /XJ /R:1 /W:1 /L

Wannan /L na ƙarshe gwaji ne kawai, idan jerin ya yi daidai sai ka cire shi. Kada ka manta da /R:1, domin idan ba ka sa ba robocopy zai yi ta gwada fayil ɗin da ya ƙi har sau miliyan. Ka yi hattara da /MIR, yana gogewa ba tambaya.

A Linux da Mac akwai rsync:

rsync -rtv --modify-window=2 --dry-run ~/Documents/ /media/suna/AJIYA_A/Laftof_Linux/

A Mac adireshin yana farawa da /Volumes/AJIYA_A. Yi amfani da -rt a maimakon -a da aka saba, tunda exFAT ba ya riƙe izini. Shi ma --dry-run gwaji ne.

Mataki na 8: Faifai na biyu

Cire A, jona B, ka maimaita daidai abin da ka yi, daga laftof kai tsaye. Na fi son haka a kan kwafa daga A zuwa B, don idan wani fayil ya lalace a A kada lalacewar ta bi shi. Foldar Taska ce kaɗai za ka kwafa daga A zuwa B, tunda ba ta kan laftof, kuma a nan ne kawai faifan biyu za su haɗu a jone.

Ka kula da wannan sosai: fayil ɗin da ka kai Taska a kan A ka goge daga laftof, kwafi ɗaya gare shi a duniya har sai ya isa B. Kada ka goge komai daga laftof sai ka gan shi a duka biyun.

Windows takan canja harafin faifai, yau E gobe F. Shiga Disk Management ka ba su haruffa na can ƙarshe, kamar X da Y, su za su zauna.

Mataki na 9: Tabbatar da kwafin

Bayan kwafin farko, canja saitin kwatantawa daga File time and size zuwa File content, ka danna Compare. Zai karanta kowane fayil a ɓangarorin biyu ya gwada su. Yana da jinkiri, amma shi ne kaɗai zai tabbatar maka abin da ke kan faifan daidai yake. Ka riƙa maimaita shi bayan 'yan watanni.

Sannan ɗauki B ka kai wata kwamfutar mai babbar manhaja daban, buɗe takarda, hoto da bidiyo, ka kwafo folda ɗaya ka gani. Wani lokaci bayan faifai ya zagaya za ka ga manhajar tana cewa duk fayiloli sun canja alhali ba ka taɓa su ba. Idan bambancin awa ɗaya ne cif, saɓanin lissafin agogo ne tsakanin kwamfutocin. FreeFileSync tana da wurin Ignore time shift, sa 1 a ciki.

Mataki na 10: Kulle abin da ke sirri

Faifan da kowace kwamfuta ke buɗewa, ta ɓarawo ma za ta buɗe shi. BitLocker na Windows ne, kullen APFS na Mac ne, LUKS na Linux ne. Wanda ke aiki a duka ukun shi ne VeraCrypt, shi ma kyauta. Ƙirƙiri fayil ɗin kulle na 'yan GB, ka zaɓi exFAT a cikinsa, ka zuba takardun banki, na fili da na abokan hulɗa. A Mac yana buƙatar ƙarin manhajar macFUSE ko FUSE-T. Idan ka manta kalmar sirri babu mai buɗe maka, don haka rubuta ta a takarda ka adana a wurin da ka amince. Bayan kwafi ka duba kwanan watan fayil ɗin, domin VeraCrypt yakan bar shi yadda yake ko an canja abin da ke ciki, sai manhajar daidaitawa ta tsallake shi. Akwai wurin kashe wannan a saitinsa.

Mataki na 11: Raba musu wuri, ka tsayar da lokaci

A yana tare da kai, ka daidaita shi kullum ko duk bayan aiki mai muhimmanci. B ya zauna a wani gini daban, gidan iyaye ko ofis, ka ɗauko shi sau ɗaya a mako ko a wata gwargwadon yawan aikinka. Kada laftof da A da B su kwana a jaka ɗaya. Masu harkar suna kiran wannan ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri.

Da ka gama kwafi, cire faifan. Bairos mai kulle fayiloli don neman kuɗin fansa, irin WannaCry da ya addabi asibitocin Ingila a watan Mayun 2017, yana kulle duk abin da ya samu a jone. Kuma kullum ka cire ta hanyar da ta dace: Eject a Windows da Mac, Unmount ko Safely Remove a Linux, ka jira fitilar ta daina ƙiftawa. Kada ka rufe laftof ta yi barci da faifan a jiki sannan ka zare shi ka kai wata kwamfutar. Ka nisanta su daga zafin mota da rana, kuma lokacin hunturu ka sa su a jaka mai zif don ƙura.

Idan kuɗin faifai biyu bai samu ba yanzu, fara da ɗaya, sannan ka ware takardun da ba za ka iya rasawa ba ka ɗora a intanet. Google Drive yana ba da 15 GB kyauta, OneDrive da iCloud 5 GB kowanne. Takardu ba sa cin data sosai, bidiyo ne ke ci. Filashi mai kyau ma zai riƙe maka kafin ka sayi na biyun.

Mataki na 12: Ranar da ɗaya ya samu matsala

Idan an fizge faifan bisa kuskure, a Windows rubuta chkdsk E: /f, a Mac yi First Aid a Disk Utility, a Linux fsck.exfat bayan ka yi unmount. Mac takan daɗe kafin ta nuna faifan exFAT da aka cire ba daidai ba, domin tana duba shi a ɓoye. Ba ta lokaci, kada ka yi ta zarewa kana mayarwa.

Idan faifan ya fara ƙara, ko kwafi yana tsayawa a wuri ɗaya, daina amfani da shi nan take, kuma kada ka daidaita komai daga gare shi zuwa ɗan'uwansa. Sayi sabo, ka gwada shi kamar a mataki na 2, ka yi masa fomat, ka cika shi daga laftof da kuma faifan mai lafiya. Sai bayan haka, idan akwai abin da ya rage a marar lafiyan kaɗai, a ɗauki cikakken kwafinsa gaba ɗaya da manhajar ddrescue zuwa wani faifan, a nemi fayilolin da TestDisk ko PhotoRec daga cikin kwafin. Idan laftof ɗin ce ta mutu ko aka sace, jona A a sabuwar kwamfuta ka kwafo da hannu ta File Explorer ko Finder. Kada ka buɗe tsohon saitin Mirror sai fayilolin sun dawo wurinsu, domin a lokacin hagu ba komai, kuma zai kwashe abin da ke dama.